Sandar ja guda ɗaya da malam-buɗe-littafin Lorenz

Na yi shekaru ina ganin hoton nan na tsarin Lorenz a littattafan lissafi: zare guda ya yi ta nannaɗe kansa har ya fitar da fukafukai biyu kamar na malam-buɗe-littafi. Na san sunansa, na san wanda ya gano shi, ko daga barci aka tashe ni zan iya rubuto layuka ukun da ke haifar da shi. Duk da haka sanin da na yi masa irin na wanda ya haddace sunan mutum ne amma bai taɓa gaisawa da shi ba. Sai makon jiya, da na zauna dare uku a jere na haɗa wa kaina wata 'yar manhaja mai sandar ja, wadda in na ja ta da linzamin kwamfuta hoton ke sauyawa a gabana, sannan muka gaisa. Gani ya kori ji.

Ga wanda bai saba da fannin ba, abin da ake kira tsari mai sauyawa da lokaci shi ne duk wani abu da halin da yake ciki yanzu ke yanke halin da zai shiga nan gaba, bisa ƙa'idar da ba ta canzawa. Duniyoyin da ke kewaya rana suna ciki, haka ƙarfen da ke lilo a cikin agogon bango, haka yawan kifi a tafki daga shekara zuwa shekara. Wanda ni na ɗauka shi ne na Edward Lorenz, masanin yanayi a jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya wallafa shi a 1963. Ya ɗauki iskar da ake ɗumamawa daga ƙasa ana sanyaya ta daga sama, ya yi ta rage mata kaya har ta koma lambobi uku kacal:

dx/dt = σ(y − x)
dy/dt = x(ρ − z) − y
dz/dt = xy − βz

dx/dt na nufin saurin sauyawar x da lokaci, haka ma dy/dt da dz/dt. A nan x saurin juyawar iskar ne, y bambancin zafi tsakanin iskar da ke hawa da wadda ke sauka, z kuma yadda raguwar zafi daga ƙasa zuwa sama ta kauce daga miƙaƙƙen layi. Harufan Girka ukun nan, sigma da ro da beta, su ne lambobin saiti. Lorenz ya sa sigma 10, beta 8/3, ro 28. Ro ɗin shi ne ƙarfin ɗumamawar, kuma shi na ɗaura wa sandar ja.

Akwai manhajoji da aka gina musamman don wannan aiki. XPPAUT na Bard Ermentrout ya daɗe a hannun masu nazarin ƙwayoyin jijiya, AUTO na Eusebius Doedel yana bin sawun wuraren da tsari ke sauya hali, masu amfani da yaren kwamfuta na Julia kuma suna da DynamicalSystems.jl da Makie. Ni Python na zaɓa, domin shi hannuna ya saba da shi, kuma ina so in ga kowane layi da ke tsakanin lissafin da hoton. Wanda ke koyo, ina ganin gara ya haɗa nasa ko da sau ɗaya ne kafin ya koma ga wanda aka gama haɗawa.

Na buɗe sabuwar folda, na yi mata keɓaɓɓen muhalli da `python -m venv`, sannan na sauke ƙunshi shida a ciki: NumPy don jerin lambobi, SciPy don warware lissafin, Matplotlib don zane, JupyterLab don wurin aiki, ipywidgets don sandar ja, da ipympl. Na ƙarshen nan shi ne wanda mutane ke mantawa. In babu shi, Jupyter hoto sandararre yake ba ka, ba ka iya juya shi ba ka iya matso da shi. Da shi kuwa, ka rubuta `%matplotlib widget` a saman shafi, zanen ya zama abin da za ka kama ka jujjuya.

Tun ba a je ko'ina ba na yi tuntuɓe. Na rubuta umarnin, sai aka ce mini babu ipympl a kwamfutar, alhali da idona na ga ya sauka. Na sake sauke shi, amsa ɗaya. Abin da ya faru shi ne akwai wani tsohon Jupyter da na girka tun tuni, shi ne ke buɗewa, kuma yana kallon wani Python dabam wanda bai san da sabon muhallin ba. Layi biyu suka tona asirin: `import sys` da `print(sys.executable)`. Suna nuna maka ainihin Python ɗin da shafin ke aiki da shi. In adireshin da ya fito ba ya cikin foldarka, to a nan matsalar take. Na rufe komai, na kunna muhallin, na buɗe JupyterLab daga cikinsa, magana ta ƙare. Daren farko kusan duk a nan ya tafi.

Dare na biyu na sami hoto, amma ba irin wanda na sani ba. Fukafukan suna nan, sai dai maimakon zare mai santsi, layuka ne masu kusurwa kamar an lanƙwasa waya da filaya. Na yi amfani da `solve_ivp` na SciPy yadda ya zo, ban karanta bayaninsa da kyau ba. Shi wannan mai warwarewa da kansa yake zaɓar girman takunsa: inda hanya ta miƙe ya yi dogon taku, inda ta yi kwana ya taƙaita. In ba ka ce masa komai ba, wuraren da ya taka kaɗai zai dawo maka da su, Matplotlib kuma ya haɗa su da miƙaƙƙun layuka. Na ba shi `t_eval` mai ɗigo dubu goma, hoton ya yi santsi, raina ya yi fari.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan tare da ni, domin santsin nan yaudara ce. `t_eval` ba ya ƙara wa lissafin inganci ko kaɗan. Cike gurbin da ke tsakanin taku da taku kawai yake yi. Abin da ke yanke inganci shi ne iyakar kuskuren da ka yarje wa mai warwarewar, wato `rtol` da `atol`, waɗanda a saitin asali suke kashi ɗaya cikin dubu da kashi ɗaya cikin miliyan. Ga ayyuka da yawa wannan ya wadatar. Ga tsarin da ke ninka kowane ɗan kuskure kuwa, ya yi sako-sako da yawa. Na matse su zuwa 1e-10 da 1e-12, wato kashi ɗaya cikin biliyan goma da kashi ɗaya cikin tiriliyan, na kuma koma hanyar DOP853 maimakon RK45 da ya zo da ita. Lissafin ya ɗan ƙara nauyi, amma na san abin da nake kallo.

Ita ma sandar jan sai da ta ba ni aiki. Da farko duk lokacin da na motsa ta, manhajar sai ta share zanen gaba ɗaya ta gina sabo, kuma tana yin haka a kowane ɗan motsi na hannu. Ja ɗaya daga 10 zuwa 30 sai ya tara mata ayyuka barkatai a layi, allon ya yi ta ƙiftawa, in saki linzami tana nan tana biyan bashin baya. Gyara uku na yi. Na gina zanen sau ɗaya tak, daga nan lambobin da ke cikin layin kawai nake sauyawa da `set_data_3d`, in kira `draw_idle`. Na sa `continuous_update=False` don kada ta fara lissafi sai na saki sandar. Na ukun shi ne ya fi muhimmanci a wurina: na kafe iyakokin zanen, x da y daga −30 zuwa 30, z daga 0 zuwa 60. In ka bar manhaja tana daidaita ma'auni da kanta, ƙaramin abu da babba duk cika allo suke yi, idonka ba zai ga girma ko ƙanƙancewa ba, alhali shi ne abin da ka zo gani.

Daga nan ne aikin ya fara biyana.

Na kai ro 0.5. Duk inda na ajiye ɗigon farawa, sai ya gangara ya kwanta a sifili. Iskar ba ta juyawa, zafi na ratsa ta shiru. Na wuce 1, sifilin ya daina riƙe kowa, matsaya biyu suka ɓullo, ɗaya a dama ɗaya a hagu: iskar ta fara juyawa, ko ta wannan gefe ko ta wancan. A 10 ɗigon yana zagaya ɗaya daga cikinsu kamar ruwan da ke bin rariya, ya shige ya tsaya. Inda matsayan suke ma lissafi ya faɗa: z ɗinsu ro ne a cire 1, x da y kuma lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba da beta sau wannan adadin. A ro 28 ke nan z 27 ne, x da y kusan 8.49. Na sa jajayen ɗigo biyu a wuraren, suna matsawa tare da sandar. Su ne idanun fukafukan nan da na yi shekaru ina kallo ban san me ke tsakiyarsu ba.

A 22 na ga fukafukai biyu sosai, ɗigon na tsalle daga wannan zuwa wancan ba tsari. Na rubuta a takardata cewa hargitsi ya fara. Amma na san littattafai a 24.74 suke cewa hargitsin ke kankama, kuma bambancin ya yi yawa a ce kuskuren zane ne. Sai na ƙara sanda ta biyu, ta tsawon lokaci, na ja ta daga 30 zuwa ɗaruruwa. Ɗigon ya yi ta yawo, ya yi ta yawo, can sai ya faɗa kusa da ɗaya daga cikin jajayen ɗigon, ya nannaɗe a hankali ya kwanta. Kama da wane ba ta wane. Hargitsin wucin gadi ne, wanda ke bayyana tun daga wajen 13.93, kuma yana ƙara daɗewa yayin da ro ke hawa. Daga wajen 24.06 ne yake zama na dindindin. Tsakanin 24.06 da 24.74 kuwa akwai wani ɗan tsiri mai ban mamaki inda halaye biyu ke zaune tare: ka fara dab da jan ɗigo ka kwanta a kansa, ka fara daga nesa ka yi ta yawo har abada. Na sa ro a 24.4 na yi ta sauya wurin farawa har dare ya raba. Sai bayan 24.74 ne matsayan biyu ke sakin kowa, ba sauran wurin hutawa. Duk wannan na taɓa karanta shi a sakin layi guda, na wuce. Da hannuna ya ja sandar, ido ya ga yadda nannaɗewar ke ƙara nawa yayin da ake kusantar 24.74, ban ƙara buƙatar haddace lambar ba.

Kuma hargitsin ba ya tafiya a miƙe. Na faɗaɗa iyakokin zanen na ci gaba da ja, a 99.96 sai duk yamutsin ya lafa, ya koma zobe guda mai ƙulli, ɗigon na bin sa yana maimaitawa. Ka matsa kaɗan, yamutsi ya dawo.

Dare na uku ƙanina, wanda ke karatun kimiyyar fiziks, ya zo ya zauna kusa da ni. Na nuna masa abin da na fi so: ɗigo biyu, shuɗi da ruwan lemo, a ro 28, an raba su da tazarar kashi ɗaya cikin miliyan ɗari. Na bar tsarin ya fara zama a kan matattararsa, wato surar fukafukan nan, tukuna, sannan na sake su. Suka tafi tare kamar ɗigo guda, zagaye bayan zagaye, har lokaci ya haura ashirin. Sai gefen shuɗin ya fara leƙowa daga bayan ɗan'uwansa. Zagaye biyu ko uku bayan haka, ɗaya na fiffiken dama ɗaya na hagu, kamar ba su taɓa sanin juna ba.

A ƙasan hoton na sa ƙaramin zane da ke nuna tazarar da ke tsakaninsu a ma'aunin logaridam. Layin yana hawa da 'yan ƙwanƙwasa amma kusan a miƙe, kuma gangarensa kusan 0.9 ne. Wannan lamba ita ake kira ma'aunin Lyapunov, kuma ga tsarin Lorenz an auna ta kusan 0.906. Ma'anarta a aikace: duk bayan lokaci kusan 2.5, kuskure na ninkuwa sau goma. Ka wahala ka inganta awonka sau dubu, abin da ka saya bai kai lokaci takwas na ƙarin hasashe ba. Lorenz da kansa ta haka ya ci karo da abin a 1961, a kan wata kwamfuta mai suna LGP-30, yana aiki da wani tsarin yanayi mai lambobi goma sha biyu. Ya so ya maimaita wani lissafi daga tsakiya, ya kwafi 0.506 daga takardar da injin ya buga, alhali injin 0.506127 yake riƙe da shi a cikinsa. Da ya dawo ya duba, yanayin da ya fito ya rabu da na farko gaba ɗaya.

Ƙanina ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, to ita kwamfutar ai tana nata kuskuren a kowane taku. Wanne ne na gaskiya a cikin biyun nan?"

Na ce masa, "Bari mu gwada ka gani." Na ɗauki wurin farawa guda, ba bambanci ko na ƙwayar zarra, na warware shi sau biyu, ɗaya da RK45 ɗaya da DOP853, duka da matsattsiyar iyaka. Suka tafi tare na wani lokaci, sannan suka rabu kamar yadda shuɗi da ruwan lemo suka rabu. Lambobin da kwamfuta ke aiki da su ba su wuce gurbi goma sha shida na inganci ba. In kowane lokaci 2.5 yana cinye gurbi ɗaya, to a wajen lokaci 40 an cinye su duka, komai kyan hanyar warwarewa. Na ce, "Bayan nan, babu ko ɗaya a cikinsu da ke bin ainihin sawun ɗigon da muka saka."

Ya ce, "To me muke kallo ke nan?"

Tambayar nan ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma amsar tana kan allon. Sawun biyu sun rabu, amma surar da suka zana ɗaya ce. Na ɗora su a kan juna, fukafukan suka hau daidai. Na sa aka lissafa matsakaicin z a dogon lokaci, duka biyun suka ba da kusan 23.5. Inda ɗigon zai kasance a lokaci 100, wannan hoton ba zai gaya maka ba. Amma irin wuraren da yake ziyarta, da yawan zamansa a kowane yanki, da siffar gidan da yake yawo a ciki, waɗannan suna tsayawa ko ka sauya hanya ko ka sauya injin. Damuwar ƙanina ma ba sabuwa ba ce. Masana lissafi sun yi shekaru kusan arba'in ba su da hujjar cewa surar nan tana nan da gaske, ba kuskuren injin ne ke zana ta ba. Stephen Smale ya sa ta a matsayin matsala ta 14 a jerin manyan matsalolin da ya fitar a 1998. Warwick Tucker, wanda ya yi aikin a jami'ar Uppsala ta Suwidin, shi ya tabbatar da ita, da taimakon kwamfutar da ke riƙe kowace lamba tsakanin iyaka biyu tabbatattu maimakon ƙiyasi guda. Cikakken bayanin ya fito a 2002.

Tun daga daren nan na ɗauki wata al'adar aiki: kafin in yarda da duk wani sabon zane, sai na gwada manhajar da abin da na riga na san amsarsa. Mafi sauƙi shi ne ƙarfe mai lilo kaɗan-kaɗan ba tare da gogayya ba. A zanen matsayi da sauri, da'ira ya kamata ya bayar, ya dawo inda ya fara. Na nuna wa ƙanina abin da hanyar Euler, wadda ita ce mafi sauƙin rubutawa, ke yi da shi. Da taku 0.1, kowane taku yana ƙara wa faɗin da'irar kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, zagaye ɗaya kuma taku 63 ne, don haka kafin ya dawo da'irar ta ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A allo za ka ga kyakkyawar nannaɗa tana buɗewa waje, mai santsi, mai ɗaukar ido, kuma babu ita a duniyar gaske. Wanda bai san amsar ba zai iya zama ya rubuta bayani a kanta. Wannan ya fi ba ni tsoro fiye da manhajar da ta ƙi tashi, domin ita wadda ta ƙi tashi ta gaya maka akwai matsala.

Na ƙara shafi na biyu don taswirar lojistik, wadda Robert May ya shahara da ita a 1976 wajen bayanin yawan halittu: sabon x shi ne r sau x sau (1 − x), inda r ce lambar saitin da ke kan sanda. Ita ba ta buƙatar mai warwarewa, maimaita ninkawa ce kawai, shi ya sa na bar sandarta tana amsawa nan take. Abin kiyayewa ɗaya ne, ka zubar da maimaici ɗari biyar ko dubu na farko kafin ka fara zane. Ƙasa da 3 lamba ɗaya take zama. A 3 ta rabu biyu, a wajen 3.4495 huɗu, a 3.5441 takwas, a 3.5644 goma sha shida, kafin 3.57 rabuwar ta cika ta koma hargitsi. Ƙanina ya ɗauki biro ya raba tazarar farko da ta biyu ya sami kusan 4.75, ta biyu da ta uku kusan 4.66. Lambar da suke dosa ita ce 4.669, wadda Mitchell Feigenbaum ya gano a 1975 da ɗan kalkuleta na HP-65. Da ya kai sandar 3.83 ya ga yamutsin ya tsage, layuka uku tsaf sun bayyana a tsakiyarsa, sai ya saki linzamin ya matso da kujera.

Yanzu shi ke da shafi na uku. Yana haɗa ƙarfe mai lilo mai gaɓa biyu, ɗaya rataye a jikin ɗaya. Na sa masa sharaɗi guda kafin ya nuna mini komai: a kusurwar allo ya ajiye ƙaramin zanen jimillar kuzarin tsarin, wanda dole ya tsaya a kwance tun daga farko har ƙarshe. Jiya ya turo mini hoton gwajinsa na farko. Ƙarafan suna wulwulawa gwanin sha'awa, layin kuzarin kuma yana hawa sannu a hankali. Ya rubuta a ƙasa, "Yaya, na gani. Zan matse iyakar in sake."